Takardar Makarantar Hiba

Duk ɗalibin da kewar tuwo ta taɓa kamawa a unguwar Faisal ya san hawa na biyar, gidan Tanti Azara. 'Yar Maraɗi ce, shekararta ashirin a Alƙahira, kuma har yau ba ta yarda akwai miyar Masar da ta kama ƙafar miyar kuka ba. Mijinta Hassumi saro kaya yake a kasuwar Ataba, mutum ne mai son zaman lafiya, wato duk abin da Azara ta faɗa ya zauna. 'Yarsu ɗaya, Hiba, shekararta tara amma hankalinta a sannu yake tafiya, maganarta ta 'yar shekara uku ce. Ita ke tarbar masu cin tuwo da runguma, ko kana so ko ba ka so, sannan ta ɓoye maka takalmi ƙafa ɗaya don kada ka tafi da wuri.

Shekara biyu Azara na nema mata gurbi a wata makarantar yara irinta. Ana cikin jiran nan, Fauziyya mai karatun likita ta zo cin tuwo da darasin ranar a bakinta.

"Tanti, yau mun karanta abin da ya hana ni sukuni. A Jamus, zamanin yaƙin duniya, gwamnati ta riƙa aika takarda asibitoci tana tambaya ko marasa lafiya da naƙasassu suna iya aiki. Wanda aka rubuta ba ya iyawa, sai mota ta zo ta ɗauke shi, a je a kashe. Dubbai aka hallaka, har da yara."

Azara ta ajiye muciya, ta ce, "Khalas, ya isa, ci tuwonki." Amma maganar ta zauna mata a ƙirji.

A makon nan takardar makaranta ta iso. Hassumi ya karanto tambaya ta huɗu: me yarinyar take iya yi da kanta? Nan take Azara ta tuna takardar Jamus. Ta ce ya rubuta Hiba na girki da wanki, tana ɗinki, tana zuwa cefane ita kaɗai, ta kuma haddace izu goma. Hassumi ya buɗe baki, ya dubi fuskar matarsa, ya rufe, ya rubuta. Da ya yi shiru ma ta ƙara da lissafi.

Amsa ta zo da ladabi: yarinya mai wannan baiwa ba ta bukatar makarantarsu.

Azara ta ja Hiba har ofishin shugabar, Abla Tasneem, ta shiga da shirin faɗa. Kafin ta fara, gwanar girki da ɗinki ta rarrafa ƙarƙashin tebur ta cire wa shugaba takalmi. Abla Tasneem ta dubi takarda, ta dubi ƙafarta.

"Ummu Hiba, faɗa mini gaskiya. Me take iyawa?"

Tsoro ya kama Azara, don a ganinta da bakinta za ta ba da 'yarta. Da ƙyar ta ce, "Ba ta iya ko ɓalle maɓallin rigarta ba. Amma ba ta tsare wa kowa komai ba, ni nake ci da ita." Sai hawaye, ta kuma zayyana labarin Jamus.

Abla Tasneem ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta miƙo sabuwar takarda. "Ma'alish, kwantar da hankalinki. A nan muna tambaya ne don mu san inda za mu fara koya mata. Ranar Lahadi mota za ta zo ɗaukarta."

Motar ta zo, Azara ta riga Hiba shiga. Sati biyu cur tana zaune a kujerar yara, gwiwoyinta a haɓa, har direba ya fara kiran sunanta cikin jerin ɗalibai. Yanzu ta daina bi, Hiba kuma ta iya maɓalli uku. Sai dai masu cin tuwo sun san ƙa'ida: ƙarfe biyu na rana ba a zuba wa kowa miya. Azara na bakin titi, ba ta motsawa sai ta ga motar ta dawo mata da 'yarta.