Kifin Robar da Muka Zuba da Baba

Ko zan manta komai na zamana a New York, ban da bazarar da ni da mahaifina muka mayar da kicin ɗina maƙerar kifin roba.

Baba masunci ne, a bakin kogin Yauri ya tsufa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, na ɗauko shi zuwa wurina a unguwar Tompkinsville don a yi masa magani. Ƙafa ta warware, amma hannun dama ya ƙi. Sai ya daina magana. In tafi aiki in bar shi a bakin taga, in dawo in tarar da abincinsa a rufe. A lokacin, magani kawai nake ta bi, ban gane zuciyarsa ce ke ciwo ba.

Wata Asabar maƙwabcinmu, wani Alhaji mutumin Kumasi, ya shigo gaishe shi zai tafi fatsa. Baba ya hango wani ɗan kifin roba maƙale a ƙugiyarsa, ya karɓa ya jujjuya.

"Alhaji, da wannan kuke ruɗin kifi? Wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin kifi na gudu ba."

"To Baba, ai ana yi a gida. Ka ƙera mana naka."

Washegari na sayo ruwan roba da garin filasta na kwaɓawa. Baba ya mulmula ɗan kifi da yumɓu da hannun hagu, muka zuba masa filasta, ya bushe ya zama mazubi. Ni ke dafa robar a tsohuwar tukunya, shi ke ba da umarni.

"Uwata, a hankali! Jela ake fara zubawa, ki bar ta siririya."

Na farko ya ƙone har na'urar hayaƙi ta ɗau ihu, muka buɗe tagogi muna tari. Na biyu ya fito duk kumfa. A na biyar ne ina tsiyayawa, sai na ji an riƙe min tsintsiyar hannu. Na duba. Hannun daman nan ne, yana karkarwa, amma ya riƙe. Na ci gaba da tsiyayawa, don kada ya lura ya saki. Hawaye dai ya hana ni ganin mazubin.

Bayan mako guda muka bi Alhaji bakin ruwa da kifin robar da muka zuba. Baba ya nuna masa inda zai jefa, da yadda zai riƙa jan zaren. Ba a jima ba sandar ta lanƙwasa, suka fito da kifi mai tsawon kamu biyu. Ranar Baba da kansa ya ce in ƙaro masa tuwo.

Hannun bai koma daidai ba har Allah Ya karɓi abinsa bayan shekara uku, amma bai sake yin shiru ba. Daga nan na fahimci jinyar tsoho ba ta ƙarewa a magani da abinci. Ka nemo abin da ya fi ka sani, ka zauna gabansa ya koya maka.