Babur ɗin da na ɓoye wa alƙali

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu girbi a Galadi, mai takin da ke bi na bashi ya kai ni kotu. Ni mai wayo, sai na kai babur ɗin da nake kabu-kabu da shi gidan surukina, don kar a ƙwace. Alƙali kuwa ya ce wanda ya karye ɗaga masa ƙafa ake yi, ba a taɓa abin neman abincinsa. "Malam, koma kan babur ɗinka, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan."

Na ruga gidan suruki ina washe baki. Ashe shi ma bin sa bashi ake yi, har ya sayar da babur ɗin. Suruki kuma ba a kai shi ƙara.