Bulus da kalmar da ya tsinto a jikin akwati

Shekara ashirin ke nan da muka kai abokina Bulus makwancinsa, kuma har yau ban sami wanda zan yi gardamar Turanci da shi ba. Ni na kai aji huɗu, shi ya tsaya a aji uku. Ke nan ni ne malaminsa, ko da yake ya koma ga Ubangiji bai yarda da hakan ba.

A shekarun saba'in, lokacin da jirgin ƙasa ke cika Kafanchan da baƙi, Bulus yana fataucin citta. Kullum yana tasha wajen loda buhuna, yana tsintar kalmomi a bakin fasinja da jikin kaya. Amma yana da doka. Ya ce sabuwar kalma arniya ce, sai an yi mata baftisma. Baftismar ita ce a bi ta a ga inda take kwana, da wa take tafiya, sannan a gwada ta a kan mutum mai rai. Idan ya gane, ta shiga ikilisiya. Idan ya buɗe baki yana kallonka, a mayar da ita aji.

Yanzu jikokina suna latsa waya, ma'ana ta faɗo musu kamar ɓaure, gobe kuma sun manta. Da Bulus na nan, na san zai ce sun san sunan baƙo ne kawai, ba su ci tuwo da shi ba.

Ranar gwajinsa ta zo da auren 'yarsa Rifkatu. Wani magatakardan reluwe ɗan kudu ne ya nemi aurenta, iyayensa kuwa ba sa jin ko sannu. Na ce ni zan yi tafinta. Bulus ya ce ba a ba da 'ya da bakin aro. Damuwarsa ɗaya: yarinya za ta yi nisa, cikin mutanen da ba su san gidan da ta fito ba, yana so su ji daga bakinsa cewa ba jefar da ita ya yi ba.

Na ara masa manyan kalmomina, masu tsawon layin dogo. Ya ƙi, wai ba su da baftisma. Tasa kalmar ita ce fragile, wadda muke kira firajayil. Ya daɗe yana binta. Ya gan ta a akwatin kwalaben asibiti, ya gan ta a na gilashin fitila, bai taɓa ganinta a buhun gishiri ba. Ya kuma lura ko lebura mafi gaggawa yana rage hannu idan ya iso kanta.

Bayan addu'a ya miƙe, ya nuna Rifkatu, ya gaya wa surukai da Turanci cewa wannan firajayil ce. Rifkatu fa, wadda ke ɗaukar buhun citta ba mai ɗora mata! Matan zumuntar coci suka kwashe da dariya, ni kuma na sunkuyar da kai a madadin ilimi. Uban ango bai yi dariya ba. Ashe shi ma a ɗakin kayan reluwe ya tsufa. Ya miƙe ya ce ya san dokar wannan kalma: ba a jefawa, ba a ɗora wani abu a kai. Ya miƙa wa Bulus hannu biyu.

A hanyar gida na ce masa, "Malam, ba haka Turawa ke amfani da ita ba."

Ya ce, "To, su zo su aurar da tasu."

Gani ya kori ji. Rifkatu ta yi zamanta lafiya a Fatakwal, yau tana goyon jikoki. Citta ta ƙare, jirgi ya yi shiru, kalmomina masu tsawo sun zube tare da haƙorana. Abin da ya saura na Bulus yana can kudu. Bara da Kirsimeti Rifkatu ta gaya mini cewa har surukinta ya rasu, duk ranar da mijinta ya ɗaga mata murya, tsohon yakan leƙo daga ɗaki ya tambaye shi ko ya manta abin da aka rubuta a jikin kayan.