Turmin da Na Jawo Ƙofar Ɗakinsa

A shekarun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi ina amarya a Tudun Ƙofa, ban daɗe da gama sakandare ba. Maigidana malamin makaranta ne mai sanyin hali, da kuɗin ƙarin ya sayi babur. Wata Asabar yana dawowa daga Gitata akuya ta gitta masa, ya faɗi. Da ƙafarsa ya shigo gida, ya ce ba komai. Na duba babu jini ko ɗigo, sai ɗan kumburi a bayan kunne. Na gasa masa da ruwan zafi, na koma aikina.

Washegari mutumin nan ya zama wani daban. Ya tambaye ni ko ya yi azahar, na ce ya yi, ya sake tambaya, har sau uku. Tuwon da na ba shi ya amayar. Da na buɗe taga ya daka mini tsawa, wai hasken na sukar idonsa, kuma in daina dakan banzan da ke fasa masa kai. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Yayarsa ta zo ta ƙara zuga, wai a bincika abin da 'yar bokon nan ke zuba masa a abinci. Ni kuwa na ce a raina babur ne ya sa masa girman kai. Allah Ya yafe mini, sai na jawo turmin har ƙofar ɗakinsa na yi ta dakan gero iya ƙarfina. Ina jin nishinsa, ban fasa ba. Kwana biyu ina haka.

Rana ta uku ya fito alwala yana tangaɗi, ya dafe bango. Maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya ce, ta tambaye ni ko ya bugu a ka. Da na gaya mata ta yi mini tas, wai duk karatuna ban san ƙwaƙwalwa na girgiza ko da jini bai fito ba. A asibiti aka kwantar da shi, likita ya ce hutu yake bukata, ba hayaniya, ba hawa babur sai ya warke sarai.

Ya warke, alhamdu lillahi. Don haka 'yan'uwana mata, wanda ya bugu a ka ya fara amai, ko mantuwa, ko faɗan da ba halinsa ba, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku tsaya ramuwa kamar ni. Da na nemi gafarar maigidana a kan dakan nan ya dube ni da mamaki, ya ce wallahi bai san wane turmi nake nufi ba, kwanakin nan sun goge masa. Har ya koma ga Allah bai tuna ba. Ni ce ban manta ba.