Zulai ta tafi, Nura yana kwance

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugune ina wanke kofunan shayi a gidanmu nan Kabo, sai ga kiran Yaya Sani, wan ƙawata Zulaihat. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Rukayya, sai haƙuri. Zulai ta cika bayan asuba."

Na ce masa wace Zulai? Wallahi haka na ce, kamar muna da wata.

Sanƙarau ne, in ji likitoci. Kwana uku kacal.

Idan kun ga kuskure a rubutun nan ku yi min uzuri.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Zulai 'yar Unguwar Tudu ce ta Gwarzo, ajinmu ɗaya a sashen zane. Mu uku aka haɗa a furojek ɗin ƙarshe: ni, da ita, da Nura ɗan Gammo. An ce mu yi zane-zane da ɗan gajeren katun da zai fahimtar da mutanen karkara mece ce inshora. Ita ke zana komai. Nura ke motsa zanen a kwamfuta. Ni ce mai rubuta labari da ɗaukar murya.

Ranar da aka raba aikin na yi ta mita. Wasu an ba su tufafi, wasu gidan abinci, mu kuma inshora. Zulai ta dube ni ta ce, "Ke tukuna, kin ma san mece ce?"

Na ce takardar nan ce da direba yake miƙawa ta taga idan an tare shi a hanya.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "To ashe da kanmu za mu fara wayar da kan."

Mahaifinta malami ne, yana da Islamiyya a ƙofar gidansu. Zulai ba ta zana layi ko ɗaya ba sai da ta kai masa maganar, don ta ce ba za ta yi aikin da zai ɗaure fuska a kansa ba. Da fari Malam ya ce shi abin kamar caca yake ji. Ta nemo masa bayanin takaful, wato inshorar da ake bin ƙa'idar Musulunci a cikinta. Ya karanta, ya tambayi abokansa malamai, ya kwashe sati biyu yana nazari. Sannan ya sa aka kira mu. Muka zauna a zaure, ya ce, "Ku daina yi wa mutane dogon turanci. Ku fara musu da gayya. Kowa a garin nan ya san yadda ake taruwa a nome gonar wanda ciwo ya kwantar."

A kan maganar nan muka gina katun ɗin gaba ɗaya.

Mun je Gammo mun nuna wa mata zanen a gidan su Nura. Kakarsa, wadda suke kira Inna, ta girma cikin shanu. Ta riƙe takardar da nisa, ta daɗe tana kallon saniyar da Zulai ta zana, ta ce, "'Yar nan, wannan saniyar taki ta birni ce. Ina tozon?" Kowa ya kwashe da dariya. Ni da ni ce da na ji haushi. Zulai kuwa jan kujera ta yi zuwa gindin turke, ta zauna cikin rana da fensirinta har sai da Inna ta leƙa ta ce, "Yauwa, yanzu kika zana dabba."

Haka take.

Ina jin kunyar muryata. Duk ranar da za mu ɗauki murya, ita ce take tsayawa a bayana, ta baza mayafinta ta kare min hayaniyar waje, ta ce in ɗauka da ita kaɗai nake magana.

Duk sanda ta dawo daga gida sai ta zo da dambu a kula, kuma nawa daban, mara yaji, saboda ta san cikina.

A cikin katun ɗin akwai wata mai sayar da ƙosai. Sai da aka gama zanen na lura fuskar Ummana ce, har da wushiryar. Ba ta gaya min ba. Jira ta yi in gano da kaina.

Ranar Talata ce haɗuwarmu ta ƙarshe.

Muna situdiyon makaranta mu uku, an ɗauke wuta, ga zafin bazarar nan. Gorar ruwa ɗaya muka yi ta zagayawa da ita. Iyafis ɗaya ni da ita, kunne ɗai-ɗai, kanmu a haɗe. Can ta ja mayafi ta rufe ido ta ce, "Ruky, rage hasken kwamfutar nan, kamar allura yake shigar min ido." Ta ce wuyanta ya ƙage, ba ta iya sunkuyawa.

Na ce mata ai dole, wata biyu kina duƙe a kan zane. Na ba ta fanadol biyu. Na matsa mata wuyan da hannuna.

Wajen da muke aiki a kai ranar shi ne na inshorar lafiya, inda wata mata take ɓoye ciwonta don tsoron asibiti, maƙwabciyarta take ce mata, "Kada ki jira ciwo ya kwantar da ke." Ni na rubuta maganar. Sau biyar na maimaita ta a gaban makirfo, Zulai tana gefena ta jingina kai da bango.

Ban san yadda zan yi da wannan ba.

Da la'asar muka hau mota ɗaya daga Kano. Tun daga tasha kanta yana kafaɗata, jikinta kamar garwashi. Da zan sauka a Kabo ta ɗan buɗe ido ta ce, "Ki turo min muryar, in na warware zan saurara. Ki gaida Umma."

Na tura mata ranar Laraba. Har yanzu ba a buɗe saƙon ba.

Jiya Alhamis Yaya Sani ya ce min an kai ta asibiti, ba ta gane mutane. Na ce in Allah ya kai mu yau zan zo.

Bayan kiransa na safen nan, da na ɗan dawo hayyacina, na nemi Nura don in sanar da shi. Mahaifiyarsa ce ta ɗauka. Tun kafin in buɗe baki ta ce, "Rukayya ce? Ai muna asibiti tun jiya da yamma. Zazzaɓi, amai, ga wuyan ya ƙi juyawa. Ana ta yi masa ƙarin ruwa da allurai."

Na zauna a ƙasa a tsakar gida.

Mu uku ne a ɗakin nan ranar Talata.

Umma ba ta jira komai ba, ta yafa mayafi ta tasa ni gaba sai asibiti. Nas ɗin ta gwada zafin jikina, ta sa na kai haɓata ƙirji, ta haska min ido. Ta ce a yanzu ba ta ga alama ba. Ta ba ni maganin da ake bai wa waɗanda suka yi cuɗanya da mai ciwon, ta ce ko ciwon kai na ji in dawo, kada in ce sai gobe.

To kaina yana ciwo. Ban sani ba ko na kuka ne. Na gaya wa Umma, muna idar da sallah za mu koma. Tun ɗazu nake ta sunkuyar da kai ina ɗagowa, ina gwada wuyana. Na ce wa Umma ta daina zama kusa da ni, ta ce, "Ni na haife ki. Ina kike so in je?"

Tsoro nake ji. Ban taɓa jin irinsa ba.

An yi jana'izar Zulai da hantsi. Ko gidan gaisuwa ban samu zuwa ba, sai a waya na kira Malam. Na shirya abin da zan faɗa, amma yana jin muryata ya riga ni. Ya ce, "Rukayya, kin je asibiti?" Mutumin da ya dawo daga binne 'yarsa ke nan. Na fashe da kuka, na gaya masa maganar fanadol ɗin, na ce da na sani da tun ranar na ja ta wajen likita. Ya ce, "Mu ma da ta iso gida abin da muka ba ta ke nan. Kwananta ne ya ƙare. Ki sha maganinki, ki kula da mahaifiyarki."

'Yan ajinmu, don Allah ku saurare ni. Duk wanda ya shiga situdiyo Litinin ko Talata, duk wanda ya zauna kusa da mu, ya je asibiti yau. Kada ka ce gajiya ce. Kada ki ce hasken kwamfuta ne. Mutanen Gammo da Unguwar Tudu da muka shiga gidajenku, ku ma ku lura da yaranku. Zazzaɓi da ciwon kai da ƙagewar wuya, ku ɗauki mutum a take.

Sai abu ɗaya kuma. Yanzun nan mahaifiyar Nura ta sake kira. Ya farfaɗo kaɗan, ya sha ruwa, ya gane ta. Ya tambaya ko Zulai ta ji sauƙi, aka ce masa ya dai kwanta ya huta. Likita ya ce kada a gaya masa tukuna. Wayarsa tana hannun mahaifiyarsa, amma idan ya ƙara samun kansa zai nema. Ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya tura masa ta'aziyya, kada wanda ya sa sunansa a ƙarƙashin hotonta. Ku bari iyayensa su gaya masa da bakinsu idan lokaci ya yi.

Ya Allah ka jiƙan Zulaihat, ka yafe mata, ka haskaka makwancinta, ka sa ciwon nan ya zama kaffara a gare ta. Ka bai wa Malam da mahaifiyarta da Yaya Sani haƙuri. Ya Allah ka tashi kafaɗun Nura. Ka tsayar da cutar nan iya nan.

Yau Juma'a. Duk wanda ya karanta wannan, in ka ɗaga hannu ka ambaci Zulai, ka ambaci Nura.

Ni ma ku sa ni a ciki.