Tattalin data ya ci mini buhunan siminti

Jama'a, ku ji abin da waya ta yi mini yau da rana tsaka!

Buhu ɗari shida na siminti aka fitar, tirela guda, a tsohon farashi. Kamfani ya ce ta shafinsu na intanet kawai za a yi oda, ƙarfe sha biyu su rufe. Sha ɗaya saura na shiga. Sai ga rubutu wai burauzar wayata, wato manhajar shiga intanet, ta tsufa, shafin ba ya aiki da irinta. Na kashe waya na kunna, haka. Na ƙara data, haka!

Na hau mashin sai wajen mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ko duba ta bai yi ba ya ce, "Alhaji, wannan ta gama yayi. Ga sabuwa, zan yi maka ragi."

Na ce, "Gyara na kawo ko ciniki? Ba ni wayata!"

Na dawo shago ina huci. Madam Ngozi, maƙwabciyata mai sayar da fenti, ta ce, "Oga, kawo mu gani." Ta danna nan ta danna can, ta ɗago kai. "Wa ya hana wayar nan sabunta kanta?"

Ni ne! Tun bara waccan na kashe, don kada ta riƙa shanye mini data.

Cikin minti uku ta sabunta burauzar, shafi ya buɗe. Sha biyu saura biyar. Buhu ɗari biyu kacal suka rage, na kwashe.

Ɗari huɗu sun tafi hannun dilolin garin Madalla, ni kuma ga data cike da waya!