Inna da Igiyar Ruwa

Da na sami gurbin karatu a Malesiya, na gaya wa Inna cewa bincikena a kan igiyar ruwa ne, yadda za a samu wutar lantarki daga gare ta. Rabin farko na maganar ta riƙe. Kafin jirgina ya sauka, duk unguwarmu ta san gwamnati ta tura ni ƙasar waje koyon igiyar guga. Wani kawuna har ya aiko a faɗa min da shi aka tambaya, da ya koya min kyauta a bakin rijiyar masallaci.

Ban ja musu ba, don ainihin aikin ma bai fi haka kwarjini ba. Kuala Lumpur ba ta da teku. Kullum in hau jirgin ƙasa daga Wangsa Maju zuwa ɗakin gwaji, inda muke da wani dogon kwarami na siminti, da inji a ƙarshensa yana tunkuɗa ruwa. A tsakiya akwai wani abu kamar tulu, ruwa ya ɗaga shi ya sauke, motsin nan ya juya ɗan janareto. Tekuna ke nan. In an tashi aiki sai a kashe ta a kulle ƙofa.

Ni ne ɗan farin Inna, ko sunana ba ta faɗa, balle ta yabe ni. Na taho ba a daɗe da rasuwar Baba ba, na bar ta da fankar da ta manta yadda ake juyawa. Ba ta taɓa cewa komai ba, kuma shirun ne ya fi ci min rai. Burina ɗaya ne, ta gani da idonta cewa ba a banza na bar ta ba.

Da matata ta haihu, Inna ta zo Malesiya ganin jika. Na roƙi mai kula da ɗakin gwajin, wani dattijo ɗan ƙasar, ya bar ni in shigo da ita. Ya ce, "Boleh, boleh," wato babu damuwa, har ya kawo mata kujera.

Ta leƙa kwaramin ta ce, "Kai, ina igiyar?"

Na ce, "Inna, yanzu za ta taso."

Aka kunna inji. Ruwa ya fara tudu yana tafiya, tulun ya shiga rawa. Na riga na haɗa ɗan ƙwan lantarki saboda ita, ai kuwa ya yi ja, ya yi fari, ya tsaya a kunne.

"Alhamdu lillahi, sun kawo," in ji Inna. Kafin in buɗe baki ta zuge jaka, ta fito da wayarta da caja ta miƙo min. "Maza sa min kafin su ɗauke."

Na tsaya da waya a hannu. Na ce wutar ba ta kai cajin waya ba tukuna, wannan gwaji ne, manyan a cikin teku ake kafa su.

"To mu can gida ina tekun take?"

"Tana Legas, Inna."

Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko ranar da malamaina suka yi watsi da babin farko na bincikena. Ta karɓi wayarta, ta naɗe cajar a hankali ta mayar jaka. Dattijon ya kai hannu zai kashe injin.

Ta ce, "Ce masa ya ɗan dakata."

Ta gyara zama tana kallon ƙwan nan, wanda ko karatun yaro ba zai haska ba. Ta daɗe a haka. Ba ta dube ni ba, ƙwan take yi wa magana.

"Da babanku Malam yana raye da ya ga wannan," ta ce. "Ka ƙarasa tufkar taka ka dawo gida. Duhun ba shi ne ya dame ni ba."